Tukunya kwana nawa za ta jure?



Hukumar INS tana auna talauci da abin da gida ke kashewa. Madalla. Amma ni ina so mu ƙara tambaya uku a nan Maourey.

In maigida ya kwanta ciwo, kwana nawa tukunya za ta ci gaba da hawa murhu ba tare da bashi ba?

Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. To, jika nawa uwa ta kashe a farmasi watan jiya?

Yara nawa ke talla a shataletale lokacin lakwal?

Mu ɗauki littafi, mu bi gida-gida, mu kai wa mai unguwa amsoshin a rubuce. Wa ke zuwa ranar Asabar?