Daga Faifan Garmaho Zuwa Wayar Hannu: Darasi Daga Rayuwar Shata





An nemi in yi tsokaci a kan waƙa da adana ta, sai na ga ya dace in kafa misali da Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna a Funtuwa, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a maƙwabtanmu, Daura.

A Amurka, tun shekarar 1958 mujallar Billboard take fitar da jerin waƙoƙi ɗari da suka fi karɓuwa a kowane mako. Mu a ƙasar Hausa, a da, ma'auninmu daban ne. Na farko shi ne shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda wasiƙun masu sauraro ke nuna wanda yake tashe. Na biyu kuwa teburin mai sayar da kaset ne ranar kasuwa. Dattawan da ke zauren nan shaida ne cewa a duka ma'aunan biyu Shata ya daɗe yana jan zarensa.

Amma ina so mu lura da wani abu. Ƙasar nan ta yi makaɗa masu fasaha tun kafin Shata, waɗanda a yau ko sunayensu ba mu riƙe ba. Shi Allah Ya haɗa zamaninsa da na'ura. Kamfanin EMI ya buga fayafayansa, gidajen rediyo suka ɗauki muryarsa, sannan kaset ya kai kalangunsa kowane lungu, har Nijar da Gana. Saboda an adana, Ɗandatti Abdulƙadir ya samu abin nazari har ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta karrama shi da digirin girmamawa a 1988. Abin da aka ɗauka ya rayu. Abin da ba a ɗauka ba ya bi mai shi kabari.

Sai dai kaset ya zo da nasa ciwon. Kowa na iya kwafa ya sayar, mai waƙa na gefe ko kwabo bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Yau zamani ya juya. A 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa ta hanyar wayar hannu, aka kalle ta sau miliyoyi a YouTube, inda ake ƙidaya masu kallo, mai haƙƙi kuma yake iya samun rabonsa. A 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kare haƙƙin mallaka. To, kira na ga matasanmu masu wannan baiwa: kada ku miƙa aikinku ga kowa sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ku tsare harshenku daga batsa da cin mutunci, domin abin da ya hau intanet ba ya gogewa.

Yanzu bari in dawo gida. Kwanaki na buɗe akwatin kaset na mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na tarar zafi da ƙura sun cinye fiye da rabi. A ciki har da wanda aka ɗauki kiɗan gayya a gonarmu. Wannan muryar ta tafi ke nan. Ina masu gangar noma na Achilafiya da ƙauyukanta? Ina waƙoƙin niƙa da na daɓe da iyayenmu mata suke rerawa? Injin niƙa da siminti sun raba su da aikinsu, masu riƙe da su kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka nake roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Ta kafa kwamitin da zai bi gida-gida ya aro tsofaffin kasakasai, a juye su a kwamfuta, a mayar wa masu su. Ta tura ɗalibanmu lokacin hutu su ɗauki muryoyin dattawa da izininsu, su rubuta sunan mai waƙa da unguwarsa da ranar ɗauka. Sannan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Aikin nan bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba, amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In muka bari sai baɗi, wataƙila mu tarar babu wanda za mu ɗauka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci garinmu.