Karatun Alƙaluman Uwar Garke Idan Aiki Ya Yi Nauyi



Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke aika wa buƙatunsu. Idan ta yi nauyi, sai albashi ya makara, rajistar ɗalibai ta tsaya, nan da nan a ce a sayo sabuwa. Sau da yawa kuwa ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar tana fitar da alƙaluman da ke bayyana ciwonta, amma ba a karanta ɗaya a bar sauran.

Na farko shi ne lodi, wato yawan ayyukan da ke gudana da masu jiran layi. Tsarin Linux yana nuna shi kashi uku: na minti 1, da 5, da 15. In na minti 1 ya fi na 15, cunkoso ƙaruwa yake yi. Sai dai tun 1993 wannan adadi ya haɗa har da ayyukan da ke jiran faifan ajiya. Saboda haka idan lodi ya hau, alhali ƙwaƙwalwar na'urar tana hutawa, faifai ne abin tuhuma.

Na biyu shi ne yawan shagala. Ilmin jerin gwano, wanda A. K. Erlang na ƙasar Denmak ya aza harsashinsa a 1909, ya nuna jira ba ya ƙaruwa sannu a hankali. A lissafi mafi sauƙi, na'urar da ta shagala kashi 50 cikin 100 takan ninka lokacin kowane aiki sau 2. A kashi 90 kuwa sau 10. Wanda ya taɓa bin layi gaban akawu ranar albashi ya san haka.

Na uku, matsakaicin lokaci yana rufa wa matsala asiri. In buƙatu 99 sun ɗauki daƙiƙa ɗai-ɗai, guda ta ɗauki daƙiƙa 101, matsakaicin daƙiƙa 2 ne kacal, amma mai buƙatar nan ya sha jira.

Don haka wajibi ne ma'aikaci ya adana alƙaluman ranar lafiya, domin da su ake gane na ranar ciwo. Kafin a taɓa dukiyar jama'a, a fara tambaya: me ake jira, kuma a ƙofar wa layin ya tsaya?