Warwarar Manhaja: Ko Ta Cancanci Wahalar Koyo ga Mai Neman Aikin Tsaron Kwamfuta?



Tela idan ya ga rigar da ɗinkinta ya burge shi, alhali bai san wanda ya ɗinka ta ba, yakan farke ta a hankali don ya gane yadda aka yanka ƙyallen. Haka warwarar manhaja take. Mai rubuta manhaja yakan rubuta ta da harshen da mutum ke iya karantawa, kamar C, kana a juya ta zuwa harshen inji, watau jerin lambobi. Ɓarawon da ya saki muguwar manhaja kuwa ba ya haɗawa da rubutunsa na asali. Aikin mai warwara shi ne ya bi lambobin nan da baya har ya gano abin da aka umurci inji ya aikata.

Misalai biyu sun isa nuna amfanin wannan fanni. A 2010 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Belarus ya ci karo da manhajar da aka sa wa suna Stuxnet. Masana sun shafe watanni suna warware ta kafin su gane cewa na'urorin Siemens masu sarrafa injuna take nema, don ta rikita gudun injunan tace yuraniyom na Natanz a Iran. A ranar 12 ga Mayu 2017 kuma, WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Wani saurayi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura tana neman wani adireshin intanet wanda ba shi da mai shi. Ya yi rajistarsa, sai yaɗuwarta ta tsaya. Binciken cikinta ya tabbatar cewa adireshin nan shi ne makunnin kashe ta.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Lalle ne ɗalibi ya fara sanin C, da harshen asembili, da yadda Windows ko Linux ke rarraba ma'adanar kwamfuta, wannan kuwa aikin shekaru ne. Tsadar kayan aiki dai ta ragu, domin a 2019 Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta saki Ghidra kyauta ga kowa. Sauran haƙuri, shi kuwa ba a sayen sa.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya: yawancin ayyukan tsaro, irin su sa ido a kan hanyoyin sadarwa da tsara ƙa'idojin ofis, ba su bukatar zurfi a wannan ilmi. Guraben masu warwara kaɗan ne, sai dai ƙwararrun ma ba su da yawa.

Saboda haka amsar ta rabu biyu. Tushen ilmin ya kamaci kowane ma'aikacin tsaro, don ya iya karanta rahoton bincike ya auna shi da kansa. Zurfinsa kuwa na wanda ke jin daɗin zama a kan matsala guda har mako ne. Ma'aikatar da ba ta da ko mutum ɗaya mai wannan sani, ranar da aka kai mata hari sai ta jira wani ya gaya mata abin da aka sace, ta kuma yarda da maganarsa ko da ba ta iya tantance ta.