Jakar Ghana Must Go da Shugabannin da Ke Neman Wanda Za Su Ɗora wa Laifi

 Waɗanda data ta hana su sauraron muryar, ga shi an rubuta muku, sai a karanta a tsanake.

Yau da wata jaka zan fara. Kun san jakar nan mai zanen ja da shuɗi, wadda muke cusa kaya a ciki in za mu koma makaranta, ko in Hajiya za ta je sari Kantin Kwari? Ghana Must Go. Kusan kowane gida akwai ta a ƙarƙashin gado. To amma mu nawa ne muka taɓa tambaya, wane ɗan Ghana ne aka ce dole ya tafi, kuma wa ya ce ya tafi?

Labarin ma ba a Najeriya ya fara ba. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta Ghana, wadda ko wata uku ba ta yi a kan mulki ba, ta fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Sati biyu fa! A lokacin tattalin arziƙin Ghana ya shiga matsi, bashi ya yi yawa, matasa ba aikin yi. Sai aka ce musu ai baƙi ne suka cinye kasuwa. Sama da mutum dubu ɗari suka kwashe kayansu. Mafi yawa 'yan Najeriya ne, musamman Yarbawa, amma akwai mutanen Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Abin ya shiga har cikin zango, wurin Hausawan da kakanninsu suka je can fataucin goro tun kafin a san wata ƙasa mai suna Ghana. Mutum an haife shi a Kumasi, bai taɓa ganin Kano ba, an ce ya koma gida. Wane gidan?

Shin Ghana ta gyaru bayan nan? Gonakin koko suka rasa ma'aikata, shaguna suka zama kango. A ƙarshen 1971 aka karya darajar kuɗin ƙasar, a watan Janairun 1972 sojoji suka kifar da Busia.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan korar, sai reshe ya juye da mujiya. A shekarun 1970 kuɗin mai ya cika Najeriya, 'yan Ghana suka yi ta shigowa: malaman makaranta, teloli, magina, masu gyaran takalmi. Ku tambayi iyayenku, da yawansu malamin Ghana ne ya koya musu lissafi ko Turanci. Da farashin mai ya faɗi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, ga kuma zaɓe na tafe, sai gwamnatin Shehu Shagari ta sanar a ranar 17 ga Janairun 1983 cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Wa'adin nawa? Sati biyu. Kamar an kwafo daga littafin Busia. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Benin da Togo da Kamaru. Mutane suka yi kwanaki a iyakar Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, wasu a hanya suka rasu. Jakar da suka zuba kayansu a ciki ita ce ta samu wannan suna. Shagari ya ci zaɓen watan Agusta, amma ranar 31 ga Disamba na wannan shekarar sojoji suka kifar da shi. Kuma korar ba ta ɗaga farashin mai ba ko da sisin kwabo.

Kun ga abin da nake son mu lura da shi? Sau biyu, ƙasa biyu, dabara ɗaya. Shugaba ya shiga tsaka mai wuya, gyara na gaskiya yana da ɗaci kuma yana ɗaukar shekaru, shi kuwa zaɓe ba ya jira. Sai ya nemi wanda ba shi da ƙuri'a, ba shi da sanata, ba shi da mai tsaya masa, ya nuna shi da yatsa ya ce ga matsalarku nan. Sai a sa wa abin suna kishin ƙasa, a yi ta tafi.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi duniya. A 2016 'yan Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai da kashi 52 cikin ɗari, kuma maganar baƙi na cikin manyan abubuwan da aka yi kamfe da su. Donald Trump, sati guda da hawansa mulki a Janairun 2017, ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, har da Sudan. A 2020 ya sa Najeriya a jerin waɗanda aka hana bizar zama. Kada ku ce ai Turawa ne. A Afirka ta Kudu, a watan Mayun 2008, an kashe mutum 62 a farmakin da aka kai wa baƙi, baƙar fata ke kashe baƙar fata. A Tunisiya, a Fabrairun 2023, Shugaba Kais Saied ya ce shigowar baƙaƙen Afirka wata maƙarƙashiya ce ta canza asalin al'ummar ƙasar. Cikin kwanaki aka fara korar mutane daga gidajen haya da wuraren aiki, har sai da Guinea da Mali da Cote d'Ivoire suka tura jirage suka kwaso mutanensu.

Me ya sa wannan ya dame ni, ni Bahaushe? Saboda mu mutanen tafiya ne. Muna Accra, muna Yaounde, muna N'Djamena, muna Jidda, muna Legas. Duk ranar da aka buga gangar "'yan ƙasa zalla", a wani wurin mu ne baƙin. A Sudan akwai Hausawa da Fulanin da suka zauna a Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma a 2022, da rikicin fili ya tashi a jihar Blue Nile, maganar da aka jefe su da ita ita ce ku ba 'yan asalin nan ba ne. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Shekara sama da ɗari, har yanzu baƙi! A cikin gida ma mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Yunin 2017, a Kaduna, wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba Inyamurai wa'adin su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. Matasa ne irinmu, kuma da yawanmu mun yi musu tafi a Facebook. Daga baya an janye, alhamdulillahi. Amma ku faɗa min, mene ne bambancin wannan wa'adi da na Busia? Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu: Malam, kana nufin kishin ƙasa laifi ne? Ba ka ga abin da ke faruwa a Nijar da Mali da Burkina Faso ba? Na gani, kuma fushin mutanen nan yana da tushe. Daga farkon shekarun 1970 kamfanonin Faransa sun shafe shekaru suna haƙar yuraniyom a Arlit, amma mafi yawan 'yan Nijar ba su da wutar lantarki a gidajensu. Kuɗin sefa har gobe a ɗaure yake da kuɗin Turai. Sojojin Faransa sun shafe kusan shekara goma a Sahel, matsalar tsaro sai ƙaruwa ta yi. Wanda ya ce a sake lale bai yi ƙarya ba.

Kuma akwai kishin ƙasa na gaskiya, mun gan shi. Thomas Sankara, daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da marsandin gwamnati ya sa ministoci shiga ƙaramar Renault 5. A 1984 an yi wa yara sama da miliyan biyu rigakafi cikin 'yan makonni. Ya sa ma'aikata saka tufafin da aka saƙa da audugar ƙasar. Shi ma soja ne, yana da nasa kurakurai, amma kishinsa daga kansa ya fara, shi ya fara ɗanɗana ɗacin.

To a nan ma'aunina yake. In shugaba ya ce kishin ƙasa, sai in tambaya: wa ke biyan kuɗin? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. An ce don kare dimokuraɗiyya ne. Can kuma aka ce tsayin daka ne don 'yancin ƙasa. Kowane ɓangare yana da kalmominsa masu daɗi. Amma wa ya ji a jikinsa wata bakwai kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024? Direban da motarsa ta maƙale tsakanin Illela da Ƙonni. Ɗan kasuwar dabbobi na Maigatari. Matar da ke Jibiya, mahaifiyarta na kwance a Maraɗi. Ba shugaba ko ɗaya da ya kwana da yunwa.

Tambaya ta biyu: in ɗan ƙasa ya ce ban yarda ba, me ke samun sa? A Burkina Faso an kama 'yan jarida da masu suka an tura su fagen daga da ƙarfi. A 2024 aka ƙara wa Ibrahim Traore shekara biyar ba tare da zaɓe ba. A 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa a Nijar da Mali, aka ba Janar Tiani da Janar Goita shekara biyar-biyar. Kana iya son mutanen nan, ra'ayinka ne. Amma in baƙon ya riga ya tafi, sojojin Faransa sun bar Yamai tun Disambar 2023, to yatsan nan da ya saba nuni ina zai juya? Sau da yawa kan mai tambaya yake komawa, a kira shi ɗan koren Turawa.

Kuma mu da kanmu, a zanga-zangar watan Agustan 2024, an ga yara ɗauke da tutar Rasha a titunan Kano. Yunwa ce ta fito da su, na yarda. Amma a ce ka gaji da wani ubangida sai ka ɗinka tutar wani? Wannan canjin ubangida ne kawai.

'Yan uwana matasa, zaɓe na zuwa, kuma za a zo mana da gangar nan, wani da sunan Arewa, wani da sunan addini, wani da sunan ƙasa. In ɗan takara ya fara ba ka labarin su wane ne suka cuce ka, ka saurare shi, sannan ka ce to na ji, kai kuma asibitin garinmu fa? Kasafin bara ina ya tafi? 'Ya'yanka a wace makaranta suke? In ya amsa, madalla. In ya fusata ya ce kai ba ka da kishi, ka riga ka samu amsarka. Haka bidiyon da ake turo maka na wani gwarzo yana zagin Turawa, ka tsaya ka bincika kafin ka tura gaba, don yanzu da kwamfuta ake ƙera murya da fuska.

Kuma in ka ɗauko jakar nan za ka yi tafiya, ka tuna akwai wanda ya taɓa zuba duk abin da ya tara a shekara goma a cikinta, aka ba shi sati biyu.

A nan za mu dakata. Wanda kakansa ko kakarsa suka ga korar 1969 ko ta 1983, don Allah ya zauna da su ya ji labarin tun suna raye, ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.