Jawabin Ƙungiya a Kan Gayyar Yashe Tabki da Hanyoyin Ruwa

Ran mai gari ya daɗe, Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwanmu da ke ci-rani a Kano da Yamai da Agadas, muna gaishe ku, da fatan wannan takarda za ta iske ku lafiya.

Maganar ruwa ce ta tara mu. Kowa ya san ƙasar Damagaram bisa dutse take, rijiya ba ta faye nisa ba sai ta ci karo da fa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon birni ma daga nesa ake jawo shi, daga Arunguza da Gogo da Macaya. To, mu mutanen ƙauye, tabki ne randarmu.

Kakanninmu sun san haka. Ramin da suka haƙa don ɗibar ƙasar gini shi ne ya zama kududdufi, ruwan sama ya sami mazauni, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa. Kowace bazara sarkin samari yakan sa a yi shela, a fito da hauya da kwando a yashe. Da yawa cikinku kun yi wannan aiki a zamanin Samariya, bayan 1974, lokacin Shugaba Kunce. Fura da goro ne ladan, sai kuwa kiɗan ganga.

Yau rairayi ya cika tabkinmu, leda ta toshe hanyoyin da ke kai masa ruwa, ko da yake tun 2014 aka yi dokar hana ledar. Ruwan da bai sami hanya ba kuwa gida yake shiga. Mun ga abin da ya faru a damanar 2024, har tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi a watan Satumba. In masallacin sarakuna ya faɗi, ina ga ɗakunanmu?

Samarinmu sun ce za su yi aikin, ba su nemi ko dala ba. Mun gode musu. Amma yaro bai san inda ruwa yake bi ba shekara 40 da suka wuce. Ku dattawa kuka sani. Muna roƙonku ku taka da ƙafarku ku nuna musu tsohuwar hanya, ko da ta ratsa ta bayan gidan ɗan'uwa. A nan wuyar take, ba za mu ɓoye ba: akwai waɗanda suka yi danga, wasu ma katanga, a kan hanyar ruwa. Ba a aiki yara su rushe wa kowa kome ba. Wannan magana a zauren mai gari za a kashe ta, kafin a sa hauya.

Ku kuma na ci-rani, ba mu ce ku bar sana'a ku taho ba. Shebur da diga da baro muke bukata, da hatsin furar masu aiki. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa ta hannun ma'ajin reshensa, za a rubuta, a karanta a taro.

Za a fara ran Asabar ta farko bayan girbin albasa, da an sallame asuba, a bakin tabki wajen tsamiya. Wanda yake da kwando ya zo da shi.

Wassalamu alaikum.