Jawabin Shugabar Mata a Taron Wakilan Mazaɓu na Kura da Bunkure, Oktoba 2020

Waɗanda ba su samu halarta ba, ga abin da muka tattauna, a karanta a kuma karanta wa wadda ba ta iya ba.

Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba. Maganar tukunyarmu ce da jarinmu.

Kowa a nan ta tuna ranar 16 ga Afrilu, da Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle a Kano bayan an samu mai cutar korona na farko a jihar. Ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu, aka kuma ci gaba da tsawaitawa. Ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. A cikin kullen nan muka yi azumi, a ciki muka yi ƙaramar Sallah.

Ni ban ce cutar ƙarya ba ce. Mun ga yadda aka yi ta rasa dattawa a Kano cikin watan Afrilu, Allah Ya jiƙan su. Dole hukuma ta ɗauki mataki. Amma ku duba lokacin da dokar ta same mu, mu da muke rayuwa da ruwan Tiga. Amfanin noman rani yana gona, wani yana kwando. Mai shagon atamfa in ya rufe, atamfarsa na nan tana jiran sa. Tumatir fa? Kwana biyu uku ya fara ruwa. Shi ba ya jiran sanarwar gwamnati.

An ce motocin abinci da kayan gona dokar ba ta shafe su ba. A takarda haka ne. Amma a kan hanya, shinge bayan shinge, direba ya tsaya a nan, ya biya a can, kuɗin mota ya ninka. Dillalin da ya saba saye a Kwanar Gafan ya loda zuwa Legas sai ya ja baya, ko ya taya kaya da farashin wulaƙanci. Masu ƙoƙari cikinmu suka yanka suka shanya kauɗa, sauran kuwa aka zubar.

Da aka sassauta a watan Mayu, sai aka ce Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Awa shida. To don Allah, mace ta taso daga Bunkure, ta nemi mota, ta ratsa shingaye ta shiga birni, ta sayar, ta yi cefane, ta dawo kafin ƙarfe huɗu? Wanda ya tsara wannan lokaci bai taɓa ɗora kwando a mota ba.

Ku masu turara shinkafa kun fi ni sanin sauran. An sayi shanshera da kuɗin bashi, an jiƙa, an turara, an shanya, an kai inji, masu saye daga wasu jihohi ba hanyar zuwa. Mai awara da mai ɗanwake da ke ƙofar makaranta, makaranta a rufe. Mai kitso da mai lalle, ba biki. Matan da ke zuwa tsinkar tumatir a biya su da yamma, su ko na cefanen ranar babu. Adashe ya tsaya, uwar adashe ta rasa yadda za ta yi da mai kwasa. Da yawa cikinmu jarin muka cinye, wasu har da akuyar da ake ajiye wa don ranar wuya.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Tallafi an fitar. Tun watan Maris Babban Bankin Najeriya ya ware Naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta bankin NIRSAL. Mu nawa muka samu? A taron nan na ce wadda ta nema ta ɗaga hannu, kun ga hannun da suka tashi. Dalili? Ana cikewa ta intanet, ana neman asusun banki da lambar BVN. Mace tana juya buhu goma na shinkafa a mako, amma a idon hukuma ba ta da sana'a, don ba a rubuce take a ko'ina ba. Wanda aka rubuta shi ake tunawa.

A watan Satumba Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani shirin na Naira biliyan 75 mai suna Survival Fund. Akwai kyautar Naira 30,000 ga masu sana'ar hannu, akwai rijistar sunan kasuwanci kyauta a hukumar CAC ga mutum 250,000. An kuma ce kashi 45 cikin ɗari na mata ne. Wannan kason haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. In muka yi barci, wani zai kawo sunan matarsa da 'yarsa ya cike gurbin, mai tukunyar turara tana gida tana jiran tsammani.

Don haka abu huɗu muka amince a kansu.

Na farko, kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zaga ta rubuta mata masu sana'a: suna, sana'a, unguwa. Kada a tambayi wace jam'iyya take yi. Yunwar kulle ba ta duba katin kowa ba.

Na biyu, wadda ba ta da asusu ta buɗe da sunanta, ta yi BVN. Da sunanki, Hajiya, ba na maigida ko na ɗanki ba. A nemi izini a gida cikin mutunci, a tafi rukuni-rukuni don kuɗin mota ya yi sauƙi.

Na uku, masu sana'a iri ɗaya su haɗu su yi ƙungiyar gama kai da rijista: masu shinkafa daban, masu kauɗa daban, masu ɗinki daban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ita ke da murya a sakatariya.

Na huɗu, a yi hattara da 'yan damfara. Neman tallafin nan ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ki kawo dubu ɗaya ya sa sunanki, ko ya nemi lambar sirrin katinki, ki tashi ki bar shi. Ki kuma bambance kyauta da rance, domin rance sai an biya.

Su kuma shugabanninmu, kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa, ga saƙonmu da ladabi. Allah Ya kiyaye, in irin wannan ta sake zuwa, a zauna da manoma da mata masu sana'a kafin a rufe hanya. A ba motar kayan gwari takardar da za a girmama a shinge. A raba tallafi ta hannun ƙungiyoyin mata, a fili, kowa na gani. Mu muke tsayuwa a rana ranar zaɓe, to a ji ta bakinmu ranar yanke shawara.

A ci gaba da wanke hannu da sa takunkumi a taro, rigakafi ya fi magani. Jerin sunaye ya iso mana kafin taro mai zuwa.

Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya mayar mana da abin da muka rasa, Ya sa albarka a noman ranin bana. A tura wa sauran zaurukan mata. Wassalamu alaikum.