Kafin Ku Biya Kuɗin Kwalekwale

Tunda samarinmu na nan Kafanchan suna haɗa kuɗi su sayi kwalekwalen kamun kifi a dam ɗin Gurara, to ku saurara. Mu 'yan kasuwa ne, ba Sarkawa ba, amma an taɓa yi mana sakiyar da ba ruwa: fenti sabo fil, ashe katakon rimi ne, damina biyu ya ruɓe. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba. Ku nemi na maɗaci ko kawo. A kife shi, a ƙwanƙwasa gindin, a duba ƙusoshi da mahaɗin katako. Sannan ku tambayi masunta, ba dillali ba: wa ya sassaƙa shi? Nasa na shekara biyar suna kan ruwa har yanzu? In mai sayarwa ya ƙi a gwada, ku riƙe kuɗinku.